Busar Johnny Dodds da Yadda Ake Sauraronta

Duk wanda ya sa faya-fayan farko na Louis Armstrong, mabushin jazz na Amurka, waɗanda aka ɗauka a Shikago daga 1925 zuwa 1927, ƙahon Armstrong ne zai fara ɗauke masa hankali, kuma ba laifinsa ba ne. Amma a gefen ƙahon akwai wata murya mai hawa da sauka, nan ta yi kuka can sama, nan ta gangaro ƙasa ta yi kauri. Kilarinet ɗin Johnny Dodds ke nan. Akwai masu sa shi a bayan Sidney Bechet da Jimmie Noone, wai yatsunsa ba su kai nasu gudu ba, kuma sautinsa kan ɗan kauce wa daidai. Maganar gudun yatsu gaskiya ce. Sai dai ba da gudun yatsu ake auna mabushin bulus ba, wato kiɗan blues na baƙaƙen Amurka, kuma a fagen bulus ban san mai kilarinet na zamaninsa da ya sha gabansa ba.

An haife shi ranar 12 ga Afrilu, 1892, ya yi ƙuruciya tsakanin Waveland a jihar Mississippi da birnin New Orleans. Ƙanensa Warren, wanda kowa ya sani da Baby Dodds, an haife shi a 1898, ya kuma zama ɗaya daga cikin manyan makaɗan ganga na farkon jazz. A New Orleans ta wancan lokaci mabusa kilarinet gida biyu ne. Akwai Kiriyol, masu jinin Afirka da na Faransa ko Sifen, waɗanda suka gaji karatun kiɗa a rubuce, suna son sauti mai santsi da tsabta. Gidan Tio ne makarantarsu, kuma Noone da Barney Bigard duk sun bi ta hannun Lorenzo Tio ƙarami. Akwai kuma baƙaƙen unguwannin sama da titin Canal, waɗanda suka fi koyo da kunne, kiɗansu na ɗauke da waƙar coci da bulus. Dodds ya ɗan yi karatu wurin Tio, amma busarsa ta gida na biyu ce. Ya daɗe a ƙungiyar Kid Ory a New Orleans, daga nan ya haura Shikago wurin Joe Oliver, wanda ake kira King Oliver, ya bi shi Kalifoniya a 1921, suka dawo Shikago a 1922 suka zauna a gidan rawa na Lincoln Gardens. A wannan shekarar ne Oliver ya aika wa Armstrong ya taho daga New Orleans.

Kafin a fahimci abin da Dodds ke yi, sai an san abin da ke hannunsa. Kilarinet bututu ne na katako, tsawonsa wajen santimita 66, yana rabuwa gida biyar: bakin busa, ɗan gajeren wuya, gaɓar sama ta hannun hagu, gaɓar ƙasa ta hannun dama, sai ƙarshen da ya buɗe kamar mazurari. Masu kyau da baƙin icen Afirka ake yin su, wanda mutanen Tanzaniya ke kira mpingo, kuma daga can da Mozambik ake fitar da mafi yawansa. A jikin bakin busa ake ɗaura harshe guda, wata siririyar fera ta kara, da maɗaurin ƙarfe mai kusoshi. Karan da aka fi so a kudancin Faransa ake nomansa. Nan ne ya bambanta da algaita: ita harsuna biyu gare ta suna kaɗawa a junansu, cikinta kuma yana buɗewa daga sama zuwa ƙasa, shi kuwa harshe ɗaya ne yana kaɗawa a kan bakin busa, kuma faɗin cikinsa kusan ɗaya ne, wajen milimita 15, har sai an kusa ƙarshe.

Wannan miƙaƙƙen ciki shi ne tushen daɗin kilarinet, shi ne kuma tushen wahalarsa. A sarewar Turawa ko sakso, idan aka tsallaka zuwa muryar sama, sautin nan dai ne ke dawowa a mataki na takwas na tsanin sautuka, yatsu ba su canza ba. A kilarinet, in babban yatsan hagu ya danna maɓallin baya, sauti na tsallakawa ne zuwa mataki na goma sha biyu. Ke nan yatsu iri ɗaya suna ba da sautuka biyu masu suna daban, kuma tsakanin muryar ƙasa da ta sama akwai 'yan sautuka marasa ƙarfi, waɗanda ake fitarwa da kusan dukkan ramuka a buɗe. Daga na ƙarshensu zuwa na farkon muryar sama, sai mabushi ya rufe kusan dukkan ramuka a lokaci guda. Yatsa ɗaya ya makara ko ya bar ɗan gefen rami, sai a ji tsuwa. Masu koyo da yawa a nan suke ajiye abin. Dodds kuwa ya mai da kilarinet kamar mutum biyu ne: mai kauri a ƙasa, mai kaifi a sama, ba ya yawan zama a tsakiya. In ka ji ya sauko daga can sama ya faɗa ƙasa cikin numfashi ɗaya, wannan ramin ne ya tsallake.

Irin kilarinet ɗin da mabusan New Orleans suka riƙe, har da shi, shi ne tsarin Albert, mai sunan Eugène Albert na birnin Brussels a Beljiyam. Na asali maɓallai 13 gare shi da zobba biyu. Wanda ya mamaye duniya yanzu, tsarin Boehm da Klosé da Buffet suka ƙera a Faransa wajen 1840, maɓallai 17 ne da zobba shida. Na Boehm ya fi sauƙin gudu a kowane maɓuɗin kiɗa, wato kowane sautin da aka ɗauka ya zama gidan waƙa. Na Albert yana tilasta wa mutum wasu haɗe-haɗen yatsu masu wuya, ramukansa sun fi tazara, amma da yake ƙarfe bai yi yawa tsakanin yatsa da rami ba, ana iya zame yatsa a hankali daga kan rami, sauti ya miƙe ya hau ba tare da ya yi tsalle ba. Wannan zamewar tana cikin abin da ke sa kilarinet ɗin New Orleans ya yi kama da muryar mutum.

A kiɗan taro na New Orleans mabusa uku ne a gaba, kowa da aikinsa. Mai kornet, ɗan ƙahon tagulla ɗan'uwan begila, shi ke riƙe karin waƙa a tsakiya. Mai turombon yana ƙasa, yana cike giɓi yana nuna inda kiɗa zai juya. Mai kilarinet yana sama yana saƙa. Ƙa'idarsa ba ta da yawa: in kornet ya riƙe dogon sauti ko ya tsaya shan iska, kai ka motsa, in yana gudu, ka riƙe sauti guda ko ka bi shi daga nesa, kada ka zauna a kan sautin da yake kai, don nan take za a rasa ku biyun. Faɗar ta fi yin ta sauƙi, balle a ƙungiyar Oliver inda kornet biyu ne, Oliver da Armstrong, suna cinye tsakiya baki ɗaya. Filin da ya rage wa Dodds ɗan kaɗan ne, kuma a cikinsa ya iya zama ba tare da ya taka kowa ba. Ba ya cika kowace kafa da ƙananan sautuka. Yakan kama sauti ɗaya a sama ya riƙe, ya girgiza shi, ya bar kornet ɗin su wuce ta ƙarƙashinsa, sannan ya gangaro.

A ranakun 5 da 6 ga Afrilu, 1923, ƙungiyar ta je garin Richmond a jihar Indiana, kamfanin Gennett ya ɗauke ta kiɗa tara. Babu makirufo. Makaɗa na tsayawa ne gaban wani babban mazurari, sauti ya bi ta ciki ya kaɗa wani tantani, tantanin ya motsa allura, allura ta yanka layi a kan faifan kaki mai juyawa. Ba a rage ƙarar kowa da maɓalli. Mai ƙarfin busa a matsar da shi baya, mai rauni a jawo shi kusa. Ɗakin yana gefen layin dogo, in jirgi zai wuce sai a dakata. Babbar ganga tana iya sa allura ta yi tsalle, shi ya sa a waɗannan faya-fayan Baby Dodds 'yan katakai yake ƙwanƙwasawa, Bill Johnson kuma, wanda asalinsa mai babbar goge ce, banjo ya riƙe.

Injin nan yana kama sautin da ke kaɗawa tsakanin wajen sau 250 zuwa 2,500 a daƙiƙa. Sauti mafi ƙasa na kilarinet yana kaɗawa sau 147 ne kawai. Ke nan gindin sautukan Dodds na can ƙasa bai shiga faifan ba; abin da ya shiga su ne ƙananan sautukan da ke hawa a kan gindin, masu kaɗawa ninki uku da ninki biyar, kunne ne ke ƙarasa sauran. Muryar sama kuwa ta faɗa daidai inda injin ya fi ji. Wannan ne dalilin da ya sa wanda ya san Dodds ta faya-fayan 1923 kaɗai yake ɗauka busarsa siririya ce mai tsini. Sai an ji shi bayan an koma ɗauka da lantarki, abin da kamfanonin Victor da Columbia suka fara a 1925, kafin a gane kaurin da ke cikinta.

Duk da haka a saurari "Dipper Mouth Blues" daga wannan zaman. Bulus zagaye ne mai gaɓa 12, kowace gaɓa bugu huɗu, jimla bugu 48: gaɓa huɗu a gida, biyu a kan mataki na huɗu, biyu a gida, biyu a kan mataki na biyar, biyu a gida. An ba Dodds zagaye biyu, abin da bai fi rabin minti ba, sauran makaɗa suna buga uku su bar na huɗu fayau. Mutane sun fi tuna zagaye uku na Oliver da ke biyo baya, amma Dodds ne ya ɗaga kiɗan ya kai shi inda Oliver ya karɓa. Ka lura da yadda yake shiga sauti ta ƙasa ya tura shi sama, musamman mataki na uku da na bakwai, waɗanda bulus ba ya barin su a inda fiyano ya ajiye su. Wanda ya auna wannan da fiyano zai ce kuskure ne. Da gangan ne, kuma shi ne bulus ɗin.

Ƙungiyar Oliver ta watse a kan rigimar kuɗi, a 1924 Dodds ya karɓi jagorancin makaɗan wani gidan shaƙatawa mai suna Kelly's Stables a titin Rush, arewacin Shikago. Ya yi wajen shekara shida a can, da ƙanensa a kan ganga, da Freddie Keppard a kan kornet na wani lokaci, daga baya Natty Dominique. Nan ne abincinsa yake. Ƙungiyar Hot Five da duniya ta san shi da ita ba ta yawon wasa ba ce. Haɗuwa suke yi a ɗakin ɗaukar faifai na OKeh, su yi su watse, kowa ya koma aikinsa na dare. Zamansu na farko ranar 12 ga Nuwamba, 1925 ne: Armstrong, Ory, Dodds, Lil Hardin a fiyano, Johnny St. Cyr a banjo.

A nan ne masu sukarsa ke samun abin kamawa. Armstrong yana canza yadda ake jan lokaci a jazz, yana jinkirta sauti ko ya riga bugu, Dodds kuwa yana nan a kan bugu daram, irin na tsohon salo. A kiɗa mai sauri mai yawan juye-juye, wani lokaci za ka ji yana bin sautukan haɗin ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya ce wani abu sabo ba. 'Yan wuraren da ya ɗauki sakso, kamar "Come Back Sweet Papa", ba su ne za a nuna wa baƙo ba. Amma a ba shi bulus a ga. A Yuli 1926 kamfanin Columbia ya ɗauki mutanen Hot Five da sunan New Orleans Wanderers, George Mitchell ya tsaya a gurbin Armstrong wanda yarjejeniyarsa da OKeh ta ɗaure. Babu Armstrong, sai fili ya zama na Dodds, kuma "Perdido Street Blues" da aka yi a wannan zaman ita ce zan fara miƙa wa duk mai son saninsa. Shi ke buɗe ta, sauran suna amsa masa da bugu su tsaya, sannan in filinsa ya zo ya hau sama ya riƙe dogayen sautuka yana lanƙwasa su. Sautukan ba su da yawa, ana iya ƙirga su. Ƙarfin yana cikin yadda kowanne ke farawa da yadda yake ƙarewa.

Hanya mafi kyau ta nazarinsa ita ce a jera "Wild Man Blues" sau huɗu. Ya yi ta ranar 22 ga Afrilu, 1927 da ƙungiyarsa ta Black Bottom Stompers, Armstrong da Earl Hines na ciki. Ya sake yin ta ranar 7 ga Mayu da Hot Seven, wato Hot Five da aka ƙara wa tuba, babban ƙahon tagulla mai kaurin murya, da ganga. Ya yi ta uku a watan Yuni da ƙungiyar Red Hot Peppers ta mai fiyano Jelly Roll Morton. Ta huɗu sai a Janairu 1938 a New York. A ta Hot Seven, Armstrong ya gama dogon filinsa wanda zai sa kowane mabushi ya ji tsoron biyo baya. Dodds bai yi ƙoƙarin gasa da shi a sama ba. Ya fara daga ƙasa, a muryar nan mai kauri, ya ɗauki lokacinsa kafin ya hau. A ta Morton kuwa kiɗan a tsare yake, an yanka wa kowa ɗan rabonsa, sai ka ji mutum ɗaya a cikin ɗaki ƙarami. Mai son jin muryar ƙasa zalla ya nemi "Weary Blues" ta Hot Seven, da "Wolverine Blues" da Morton ya yi da 'yan'uwan biyu kaɗai a Yuni 1927.

Wanda ke da kilarinet, ko ɗalibi ne ko ɗan badujala, kuma yana son ya kusanci wannan sauti, ga inda ake farawa. Harsuna suna da lamba, daga wajen 1½ mai laushi zuwa 5 mai tauri. Mai lamba 2 ko 2½ a kan bakin busa mai ɗan faɗin buɗewa ya fi yarda a lanƙwasa shi. Mai tauri yana riƙe sauti daidai amma ba ya biyayya. A jiƙa harshen minti biyu zuwa uku, a daidaita tsininsa da na bakin busa har ya rage ɗan baƙin layi kamar silin gashi, a ɗaure maɗauri ba tare da an matse shi ƙam ba, don matsewa na kashe kaɗawa. Leɓen ƙasa ya rufe haƙoran ƙasa, haƙoran sama su zauna a kan bakin busa wajen santimita ɗaya daga tsini. Girgizar murya irin ta Dodds da muƙamuƙi ake yin ta, ana sassautawa ana mayarwa, kuma tana da faɗi da sauri. Matsalarta ita ce sassautawa na saukar da sauti ne kawai, ba ta ɗaga shi, saboda haka mai girgiza da yawa yakan zauna ƙasa da sauran makaɗa bai sani ba. Busa da ƙarfi ma tana saukar da sautin kilarinet. Maganin shi ne iska mai ƙarfi daga ciki, da tura wuyan kilarinet ya shige sosai. In kuma ya yi ɗumi sautinsa ya hau, a zaro wuyan milimita ɗaya ko biyu. Lanƙwasa sauti ya fi sauƙi a saman muryar sama, inda bututun da ke aiki gajere ne. A can ƙasa da ƙyar yake motsawa, shi ya sa za ka ji Dodds yana kuka a sama, a ƙasa kuwa kauri da girgiza yake amfani da su.

Tsuwa tana da dalilai sanannu, kuma a bi su a jere: yatsan da bai rufe rami ba, cizon bakin busa, shigar da shi baki fiye da kima, harshen da tsininsa ya tsage ko ya karkace, sai kuma fatar maɓalli da ta bushe tana yoyon iska. Mai sha'awar sayen tsohon Albert ya duba jikinsa da kyau. Da yawa an buga musu HP ko LP. Mai HP an yi shi ne a kan wani tsohon ma'auni da ya fi na yau tsini, ya ɗan fi gajarta, kuma babu zaro wuyan da zai sa ya daidaita da fiyano ko wasu kayan busa na yanzu. LP ake nema. Kilarinet na katako kuma ba ya son busasshiyar iskar hunturu: ciki ya jiƙe da numfashi ya kumbura, waje ya bushe, sai gaɓar sama ta tsage. A goge cikinsa bayan kowace busa, kada a bar shi a rana ko cikin mota, kuma ga mai koyo a ƙasarmu na roba ya fi kwanciyar hankali.

Wani abu kuma ga mai bin faifai yana kwaikwayo: ba kowane injin wancan zamani ke juyawa sau 78 cif a minti ba. In an ɗauka a hankali aka sa da sauri, kiɗan zai hau sama, kilarinet ya ƙara tsini. Har yau ana muhawara a kan ainihin maɓuɗin da aka busa "Cornet Chop Suey" a kai saboda wannan. In ka ga yatsunka sun faɗa wani maɓuɗi mai wuya da ba a saba da shi ba, kafin ka zargi kanka ka zargi gudun faifan.

Zamansa na ƙarshe da Hot Five a Disamba 1927 ne, lokacin da aka yi "Hotter Than That" da "Savoy Blues". A 1928 Armstrong ya koma aiki da Hines da wasu matasa, Jimmy Strong ya karɓi kilarinet. Dodds ya ci gaba da fitar da faya-fayai da sunansa a Victor har 1929, cikinsu akwai "Blue Clarinet Stomp" da "Bull Fiddle Blues". Daga nan abubuwa suka taru. Tattalin arzikin Amurka ya karye a 1929, kasuwar faifai ta rushe, kamfanin Paramount da ya yi wa aiki da yawa ya daina ɗauka a 1932, Kelly's Stables kuma an rufe shi a 1930 a zamanin dokar hana sayar da barasa. Kunnen jama'a ya koma ga manyan ƙungiyoyi da kilarinet mai santsi irin na Benny Goodman, ɗan Shikago wanda ya yi karatu wurin Franz Schoepp, malamin da Noone ma ya je wurinsa. Dodds bai bi Armstrong da sauran zuwa New York ba. Ya zauna a Shikago yana busa a ƙananan wurare da ƙanensa da Dominique, kuma daga 1929 bai sake shiga ɗakin ɗaukar faifai ba sai 1938.

Zaman 1938 na kamfanin Decca an haɗa shi ne da matasan New York irin su Charlie Shavers da Teddy Bunn, waɗanda jan lokacinsu ya fi nasa sulɓi, amma muryarsa tana nan yadda take. A 1939 ya gamu da bugun jini. Ya farfaɗo har ya yi zama na ƙarshe ranar 5 ga Yuni, 1940, inda aka ɗauki "Red Onion Blues" da "Gravier Street Blues". Ya rasu a Shikago ranar 8 ga Agusta, 1940, yana da shekara 48. A 1942 aka fara ɗaukar Bunk Johnson da George Lewis a New Orleans, sha'awar tsohon salon ta dawo a Amurka da Turai, Baby Dodds ya samu aiki da masu sauraro a cikinta har shekarun 1950, matasan mabusa kilarinet a Ingila da Faransa kuma suka zauna gaban garmaho suna haddace "Perdido Street Blues" sauti bayan sauti.